Wace farfela ta dace da jan buwe a kogin Yamai?

Abdul-Aziz, Gamkalle: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin injin ruwa. Ina da ƙaramin jirgin fiba mai tsawon mita huɗu da rabi, da Yamaha Enduro doki 40 a bayansa. Kwanan nan aka kawo mini buwe daga Lome, irin wadda ake hurawa, mutum biyu su zauna a ja su da igiya. In jirgin ba ya jan komai lafiya lau yake tashi. Amma da an ɗaura buwe da yara biyu a kai, mu uku a cikin jirgi, sai hancinsa ya ɗaga sama, bayansa ya nutse, inji ya yi ta gurnani, mu yi ta turar ruwa ya ƙi kwanciya. Wani mai sayar da kayan inji ya ce in sayi farfelar inoks, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 15, wai ta fi ƙarfi. Kuɗinta ba kaɗan ba ne, shi ya sa na ce bari in tambaya tukuna.

Malam Isufu makaniki, Harobanda: Wa alaikumus salam. Kada ka saya tukuna. Je ka duba jikin farfelar da ke kan injin yanzu, tsakanin kunnuwa ko ta wajen noti, akwai lambobi da aka buga. Karanto mana su.

Abdul-Aziz: Malam, na goge na duba. An rubuta 11 1/8 x 13 - G. Kunnenta uku, ta alminiyom ce.

Malam Isufu: Madalla. Lambar farko faɗinta ne, inci 11 da ɗan ɗoriya. Ta biyu, 13 ɗin, ita ce takunta: nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya in da ruwa ba ya zamewa. Harafin G kuma gidan farfelar ne, watau irin ƙafar injin da take shiga, mai haƙora 13. Abin da ke damunka taku ne. Taku mai tsawo na gudu ne, gajere na jan kaya. Ka taɓa ganin direban babbar mota da lodin siminti ya tashi da giya ta huɗu? Injin jirgi giyarsa ɗaya ce tal, farfela ce ke zaɓa maka ita. Kai yanzu 13 ta yi maka nauyi, an ce ka ƙara zuwa 15. In ka sa ta, ko ku uku ba buwe da ƙyar zai tashi. Ƙasa za ka yi, 11 ko 12.

Nasiru: Malam Isufu, Allah ya ƙara girma, amma ni a ganina matsalar inji ce. Doki 40 ya yi kaɗan ga mutum biyar. Kuma inoks ai ba ta lanƙwasa, kunnuwanta sirara ne, ta fi kama ruwa. Ni tun da na sa ta a nawa ban sake waiwayar alminiyom ba.

Malam Isufu: Nasiru, abin da ka faɗa kan inoks gaskiya ne, ba ta lanƙwasa kuma ta fi kama ruwa. To amma a wane ruwa? Za mu zo nan. Batun doki 40 kuwa, na ga jiragen da suka fi wannan nauyi suna tashi da shi. A bari mu auna kafin mu ɗora wa inji laifi.

Injiniya Mutari: Bari in sa baki da ɗan lissafi, don kada Abdul-Aziz ya ji tsoron za a rage masa gudu. Kamfanin ya ce Enduro 40 in an buɗe mai duka ya kamata ya yi juyi 4500 zuwa 5500 a minti. Wannan shi ne ma'aunin da ake zaɓen farfela da shi, ba idon mai shago ba. Duk inci ɗaya da ka rage a taku, juyin inji na ƙaruwa da kamar 150 zuwa 200. In ka ƙara inci ɗaya ya ragu da haka.

Giyar ƙafar wannan injin biyu ce a ɗaya, inji ya juya sau biyu farfela sau ɗaya. A ce inji na 5200, farfela na 2600. Taku 11 santimita 28 ke nan saura kaɗan. Ka ninka, za ka samu wajen kilomita 43 a awa a takarda. Ruwa na zamewa, cire kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ka ga kana tsakanin 35 da 39. Yanzu tambaya: wa ake ja a buwe da kilomita 35? Manya ma ba a so a wuce 30 da su, ƙananan yara 15 zuwa 20 ya ishe su. Ke nan gudun da kake biya da taku 13 ba ka da abin yi da shi ranar jan buwe. Abin da kake bukata jirgi ya tashi da wuri, kuma ya iya zama a kwance bisa ruwa da ɗan gudu kaɗan ba tare da ya koma ya nutse ba.

Abdul-Aziz: Injiniya na gode, na fahimta. Sai dai injina na hannu ne, ba shi da agogon juyi. Yaya zan san 4500 ko 5500?

Injiniya Mutari: Akwai ƙaramin agogo mai batir a ciki, kamar akwatin ashana, da waya ɗaya da ake naɗawa a jikin wayar buji sau huɗu ko biyar. Masu gyaran babur da janareto suna da shi. Abu ɗaya za ka lura: yana da saiti. Ka tada inji ka bar shi a salo, ya kamata ka ga kusan 1000. In ya nuna kusan 2000 ko 500, saitin ne bai dace ba, canza shi har ya daidaita. Sannan ka fita da mutanen da ka saba ɗauka da tanki cike, ba tare da buwe ba, ka buɗe mai duka a wuri mai zurfi ka karanta. In kana son sanin gudu da wayarka, yi sau ɗaya kana hawa, sau ɗaya kana gangara, ka haɗa su ka raba biyu, don ruwan kogi ma tafiya yake.

Malam Isufu: In bai samu ba ya zo ya ari nawa. Kuma in ƙara kan maganar Injiniya: mutane suna tsoron juyi ya yi yawa, ba sa tsoron ya yi kaɗan, alhali wanda nake gani a garejina kullum shi ne na biyun. Inji irin wannan, mai shan esans gauraye da man inji, da aka danne da farfela mai nauyi, an buɗe masa mai amma ba ya iya kaiwa juyinsa, zafi yake tarawa a ciki. Buji ya yi baƙi, kan fistin ya cika da gawayi, zobba su maƙale. Mai shi ya zo ya ce an sayar masa da mugun esans. Wani lokaci esans ɗin ne, amma sau da yawa in na duba baya sai in tarar da farfelar da ta fi ƙarfin injin.

Umaru, Bubon: Salam. Ni ina ɗaukar baƙi yawo a nan wajenmu, kuma ina jan buwe lokacin da ruwa ya cika. Shawarata ita ce mai kunne huɗu. Nawa doki 60 ne, na cire mai kunne uku na sa ta kamfanin Solas mai huɗu ta alminiyom, na rage taku da inci ɗaya. Bambancin da na gani a kwana ne. Ai jan buwe duk kwana-kwana ne, kana karkata hagu da dama don ta tsallake igiyar ruwan da jirgi ya bari. Da mai uku, in na karya kwana sosai sai farfela ta shaƙi iska, inji ya yi ƙara ya tashi sama, jirgi ya saki, igiya ta yi sako-sako, sannan ta fizge yara. Da mai huɗu wannan ya ragu ƙwarai, kuma jirgi na zama a kwance ko na rage mai.

Nasiru: Amma ta ci maka gudu, Yaya Umaru.

Umaru: Ta ci kaɗan a can ƙarshe. Ban yi kewarsa ba.

Malam Isufu: Umaru bai faɗi ƙarya ba, mai huɗu ta fi riƙo, kuma dalilin rage inci ɗayan shi ne ƙarin kunne na danne juyi. Abin da ya sa ban fara da ita ba, samu ne. Mai kunne uku ta gidan G, 11 5/8 x 11 ko 11 3/8 x 12, masu manyan jiragen katako na amfani da su, za ka iya samu a gari, har ta hannu. Mai huɗu sai an aiko maka, in ta karye kuma ka zauna jira. Sannan shaƙar iskar da kake faɗa ba kullum laifin farfela ba ne. A duba farantin nan da ke saman farfela, ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi. In an ɗaura inji ya yi sama, ko mai kunne goma ka sa za ta sha iska.

Abdul-Aziz, kai ma akwai abin da za ka yi yau ba ka kashe ko dala ba. A wajen da inji ke jingina akwai ƙarfe da ake zurawa cikin ramuka. Mayar da shi ramin da ya fi kusa da jikin jirgi, ƙafar inji ta shigo ciki, hanci zai sauko. Tankin mai da mutum ɗaya su koma gaba. Kuma ka hura buwen nan ta yi tauri, babba ya taka ta kada ta lotsa sosai. Buwe mai laushi ruwa take kwasa, nauyinta ninkuwa yake. Sai dai kada ka hura ta da safe ka yar a kan rairayi da rana, iskar ciki na kumbura da zafi, ɗinki ya buɗe.

Nasiru: To Malam, mu dawo kan inoks ɗin da ka ce za mu zo.

Malam Isufu: To. Kogin nan namu ba zurfi ɗaya yake da shi shekara duka ba. Jan ruwa na damina ya zo a Agusta da Satumba, baƙin ruwa mai zuwa daga Gini ya cika wajen Disamba zuwa Fabrairu, daga nan sai ja da baya har Mayu da Yuni. Manya suna tune da 1985, da ruwa ya tsaya cak a nan Yamai. Wurin da ka wuce a guje a Janairu, a Afrilu dutse ne ko tudun rairayi, kuma rairayin da koramu ke zubowa kowace damina ba ya zama inda ka bar shi bara. In farfelar alminiyom ta bugi dutse, kunne ya lanƙwashe ko ya ɓalle, ka yi asarar farfela. In inoks ce, ita ba ta ba da kai, bugun sai ya wuce ciki. Robar da ke tsakiyarta tana ɗauke wani abu, amma ba duka ba. Na sha kwance ƙafar inji in tarar da sandar farfela ta karkace, haƙoran giya sun zube cikin mai. Kuɗin wannan gyaran ya sayi farfelar alminiyom da yawa, in ma an samu kayan.

Nasiru: Ni dai ban taɓa bugun komai ba. Tsakanin Gadar Kennedy da gada ta biyu nake yawona, na san wurin.

Malam Isufu: Allah ya ci gaba da tsarewa. Kai kana tafiya miƙe, idonka a gaba. Mai jan buwe yana zagaye, yana fita daga hanya, rabin hankalinsa na baya. Ba ɗaya ba ne. Inda na yarda da kai: rairayi na cin alminiyom da sauri, gefen kunne ya zama kamar an goga shi da dutse, faɗinta ya ragu. Wannan sai a riƙa dubawa, in ta cinye a canza.

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum. Ni ban san taku ko kunne ba, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƴaƴana suna cikin masu son wannan wasa. Tun ɗazu ina karantawa, ana ta maganar yadda farfela za ta kama ruwa, ba wanda ya ce komai kan yaron da ke cikin ruwan. Na ga raunin farfela da idona. Ba yanka ɗaya take yi ba, jere take yinsu, ɗaya bayan ɗaya, masu zurfi. Don Allah Abdul-Aziz, duk wadda ka saya: in yaro ya faɗo za ka ɗauke shi, kashe inji gaba ɗaya kafin ya matso. Kada ka ce ai na cire giya. Hannu na iya taɓa giya, yaro na iya kama ƙafar inji don ya hau. Kowa da rigar ruwa daidai jikinsa, a ɗaure, ba ta babba a jikin ɗan shekara bakwai ba, don in ya faɗa za ta zame ta kansa. Kuma mutum ɗaya a jirgi ba shi da aiki sai kallon baya.

Abdul-Aziz: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Riguna muna da su, mai kallon baya ma ƙanena ne. Kashe inji ne zan mayar doka daga yau.

Hajiya Rabi: Da igiyar nan ja da direba ke ɗaurawa a hannu, wadda in ya faɗi inji ke mutuwa. Ina ganin mutane sun naɗe ta a jikin inji. Sannan in yaro ya fara fitsari da jini bayan wasan kogi, tsargiya ce, a kai shi asibiti, maganinta na nan.

Umaru: Hajiya ta gama magana. In ƙara da igiyar ja, don ita ma tana shiga farfela. Tsawonta mita 15 zuwa 20, irin mai yawo bisa ruwa, wadda aka yi don buwe. Kada a ɗaura ta a jikin inji. A yi mata reshe biyu zuwa zobban nan biyu na bayan jirgi, da ɗan abin da zai sa ta yi iyo a mahaɗar. In ka tsaya, mai kallon baya ya tattara ta kafin ka sa giyar baya.

Lawali, Saga: Salamu alaikum. Na karanta wa Baba wannan zance, shi Basarke ne, ya ce in rubuta muku kamar yadda ya faɗa: "Ku gaya ma yaran nan, kogi ba hili ba ne. Mu da munka tashi cikinai mun san inda munka shimhiɗa taru da mamari, su ba su sani ba. Jirgi ya taho da gudu shina zagaye, ya yanke muna kayan da munka ci bashi munka saya, ya tahi ko waiwaye babu. In za ku wasa, ku zo ku tambaye mu, mu nuna muku inda babu kaya da inda babu dutse, ba mu hana ku. Kuma wajen Bubon da sama akwai dorina. Wadda ke da ɗa ba ta son ƙara, kuma yaron da ya hwaɗa ruwa ba shi da jirgi."

Umaru: A gaida Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Maganarsa haka take. Ni kafin in ja kowa sai na tambayi masunta inda suka ga dorina da safe, in suna kusa ranar babu wasa, ko baƙo ya biya.

Malam Isufu: Lawali, ka ce wa Baba mun ji, kuma ko don kansa mai jirgi ya kamata ya ji. Zaren taru in ya naɗe a bayan farfela ba ya ganuwa daga waje. Yana shiga ya narke, ya yanke robar da ke hana ruwa shiga giya. Sai ka kwance man giya ka gan shi fari kamar an dama da nono. Shi ya sa nake ce wa kowa ya riƙa cire farfela lokaci-lokaci: zare filin nan mai baki biyu, kwance noti, ciro farfela da wasa, watau zoben ƙarfen da ke bayanta, tsince zare, shafa giris a haƙora, mayar. Wasan nan na baya kada a manta shi, in babu shi farfela za ta ci jikin ƙafar inji. Kainuwa ma haka, in ka ratsa cikinta ka ji inji ya canza murya, tsaya ka kashe ka duba ramukan shan ruwa.

Abdul-Aziz: Jama'a na dawo da labari. Na ari agogon Malam Isufu. Da tsohuwar farfela 13, mu uku da tanki cike ba buwe, juyi ya tsaya wajen 4700. Malam ya ba ni aron 11 5/8 x 11 ta hannu, ya haura kusan 5100. Na mayar da ƙarfen jingina ramin ciki, ƙanena ya koma gaba da tanki. Da buwe da yara biyu yanzu jirgi na kwanciya nan da nan, kuma ina iya rage mai ya zauna a haka. Kafin mu fara mun je mun gaida masuntan da ke wajen, suka nuna mana inda za mu tsaya. Abu ɗaya na lura: sau ɗaya ina buɗe mai sai inji ya yi ƙara ya tashi, jirgi bai bi shi ba, alhali miƙe nake ba kwana ba.

Nasiru: To in ka fita kai kaɗai fa? Ba za ta wuce 5500 ba?

Injiniya Mutari: Tambayar Nasiru na kan hanya. Shi kaɗai da rabin tanki zai iya kusantar iyakar. Ka auna haka nan ma, Abdul-Aziz. In ta wuce, ko dai ka riƙa sassauta hannu, ko ka mayar da 13 ranar da ba ka da kaya. Kada dai ka sauka zuwa 9, wannan ta manyan jiragen lodi ce.

Malam Isufu: 13 ɗin ka ajiye ta cikin jirgi da sifana da noti da fil na sauyi, a ɗaure cikin leda. Ƙarar da ka ji kuma, ina zargin robar tsakiyar farfelar da na ba ka ce ta fara sakewa, tsohuwa ce. Ga yadda za ka gane: ɗauki alƙalamin da ba ya gogewa, ja layi ɗaya daga ƙarfen tsakiya inda noti yake har zuwa jikin farfela. Fita ka ja buwe, ka dawo ka duba. In layin ya rabu biyu, roba ce ke zamewa, sai ka sayi sabuwa mai wannan lambar. In yana nan a haɗe, iska ce ta sha ko ciyawa ta kama, sai mu duba tsayin injin.

Umaru: In roba ce, kafin ka sayi sabuwa ka bari in tambayi wanda ya aiko mini da tawa ko akwai mai huɗu ta gidan G mai taku 10. Ka gwada biyun ka gani da idonka.

Malam Isufu: In ta samu a kawo, ni ma ina so in sa mata agogo. Abdul-Aziz, ranar da za ka dawo da agogon ka taho da injin gaba ɗaya mu duba man giya, kuma ka biya ka sayo wasa biyu na sukurorin magudanar man giya, don tsofaffin ba a mayar da su.